Muhawara: Wai da gaske Ginsburg da hannunta ta rusa abin da ta gina?

Baban Ilham: Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare na zauna na kalli fim ɗin nan RBG da Anti Barista ta yi ta cewa mu nema, na tarihin Ruth Bader Ginsburg mai shari'a a kotun ƙolin Amurka, wanda ya fito a 2018. Na kalle shi tas, sama da awa ɗaya da rabi, kuma zan faɗi abin da ke raina ko da wasu za su ji haushi. Wannan ba tarihi ba ne, bambaɗanci ne. An nuna mana tana motsa jiki da mai horar da ita, an nuna kwalolin adon da take sawa a wuyan rigar alƙalanci, an nuna matasa da riguna masu hotonta, amma babbar maganar an ɗan taɓa ta ne kawai aka janye hannu kamar an taɓa garwashi. A 2013 matar nan tana da shekara 80, ta yi jinyar kansa a 1999 ta sake yi a 2009, Obama na kan mulki, jam'iyyarsa ke da rinjaye a majalisar dattawa, aka yi ta ba ta shawara ta sauka a naɗa mai irin ra'ayinta, ta ƙi. Ta rasu ran 18 ga Satumba 2020, kwana 38 kacal majalisa ta tabbatar da Amy Coney Barrett da Trump ya kawo, wadda ra'ayinta hannun riga ne da nata. To ni maganata ita ce, abin da ta kwashe shekara kusan 50 tana ginawa da hannunta ta rusa shi. Wanda ke da ja ya fito.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Haba Baban Ilham, fim ɗin 2018 kake so ya ba ka labarin abin da ya faru a 2020? Ai lokacin tana raye tana zuwa aiki.

Baban Ilham: Hajiya ai a 2018 ɗin Trump ya riga ya shiga fadar, kowa ya san in ta faɗi wa zai naɗa, tambayar na nan tsaye tun lokacin.

Anti Barista: Baban Ilham na gode da ka kalla, amma ka haɗa magana biyu a ƙwarya ɗaya, bari in raba su. Cewa fim ɗin yabo ya yi masa yawa, ban musa ba, matan da suka shirya shi Betsy West da Julie Cohen ba su ɓoye cewa suna sonta ba. Amma kalmar rusawa ita ce ba zan bari ta wuce ba. Ka faɗa min wane gini ne ya rushe? Don ginin da na sani nata ne, ba a kujerar alƙalanci ta yi yawancinsa ba, a tsaye ta yi shi tana lauya tsakanin 1971 da 1979, kuma har gobe yana nan ba a cire masa ko bulo ɗaya ba.

Ka tuna yadda ta tarar da dokar ƙasar. A 1961 kotun ƙolin nan ta amince jihar Fulorida ta bar mata a waje cikin jerin mutanen gari da ake zaɓa su saurari shari'a, sai wadda ta je da ƙafarta ta yi rajista, hujjar kotu wai mace ita ce cibiyar gida da iyali. Gyara na 14 na kundin tsarin mulkinsu tun 1868 ya ce kowa daidai yake a gaban doka, amma sama da shekara 100 kotun ba ta taɓa soke doka ko ɗaya ba don ta bambanta mace da namiji. Sai a 1971 a shari'ar Reed, wata uwa ce Sally Reed a jihar Aidaho, ɗanta ya mutu, sun rabu da uban, kowannensu ya nemi a ba shi kula da ɗan abin da yaron ya bari, doka ta ce in mace da namiji sun yi kunnen doki namiji za a ba, shikenan ba tambayar wa ya fi cancanta. Ginsburg ce ta jagoranci rubuta takardar hujjojin da aka kai kotun ƙoli, alƙalai duka suka soke dokar. Wannan hukuncin an janye shi? Ba a janye ba. Daga nan ta tsaya da kanta gaban kotun sau 6 ta ci 5. Wanne aka janye a cikinsu?

Ɗan Auta: Anti dan Allah tambaya, ni abin da ya ɗaure min kai a fim ɗin shine an ce mai kare mata ce amma sai na ga wani namiji yana ba da labarin ita ta yi masa shari'a. Ya abin yake?

Anti Barista: Yauwa ƙanena ka taɓo inda nake so. Stephen Wiesenfeld kenan. Matarsa Paula malamar makaranta ce, albashinta ya fi abin da yake samu, duk wata ana yankar mata kuɗin asusun tallafin gwamnati kamar kowane ma'aikaci. A 1972 ta rasu wajen haihuwa ta bar masa jariri Jason. Mutumin ya ƙudura shi zai raini ɗansa da hannunsa, ya je ofishin asusun, aka ce masa jaririn zai samu nasa amma kuɗin da ake ba wanda ya zauna gida rainon maraya sunansa ma kuɗin uwa ne, na matan da mazansu suka mutu ne kawai. Ka duba, da shi ne ya mutu da Paula ta karɓa ba gardama. Ya rubuta wasiƙa a wata jaridar yankinsu yana kokawa, ta haka labarin ya isa kunnen Ginsburg.

Dabararta ita ce, alƙalan kotun duka maza ne, dattawa, kuma a zuciyarsu sun yarda irin waɗannan dokokin gata ne ake wa mata ba zalunci ba, in ka kawo musu mace tana kuka sai su ce ai kare ki ake yi. Sai ta kawo musu namiji irinsu da jariri a hannu. Ta nuna musu doka ɗaya ta cuci mutum uku, ta cuci matar da aka yanki kuɗinta daidai da na namiji amma iyalinta ba su samu kariya daidai ba, ta cuci uban, ta cuci jaririn da aka hana shi rainon iyayen da ya rage masa. A 1975 alƙalai 8 da suka zauna duka suka ba ta gaskiya, har da Rehnquist wanda ya saba ƙin bin ta, shi ta ɓangaren jaririn ya shigo. Ita da kanta ta ce a shekarun nan ji take kamar malamar 'yan nazare, tana koya wa alƙalai abin da ba su taɓa sanin yana faruwa ba.

Malam Na Ƙofa: Ni fa duk wannan ban ce ba a yi ba. Amma mu daina yaudarar kanmu, abin da duniya ta san matar nan da shi shine goyon bayan zubar da ciki, kuma kukan da magoya bayanta suke yi tun 2022, da kotun ƙolin ta soke hukuncin da ya halatta shi, a kan wannan ne. Ni a aƙidata ban yarda da shi ba, don haka in ma wannan ne ya rushe ban ga asara ba. Shi ya sa nake mamakin yadda wasunmu ke rawar jiki a kanta.

Maman 'Yan Biyu: Malam ba sai ka yarda da mutum ɗari bisa ɗari ba kafin ka ce ya yi daidai a inda ya yi daidai. Ni ma ban yarda da duk ra'ayinta ba.

Anti Barista: Malam Allah ya gafarta, gaskiya ne tana goyon bayan mace ta zaɓa, ta faɗa ƙarara gaban majalisar dattawa a 1993 kuma duk da haka suka tabbatar da ita da ƙuri'a 96 da 3. Ba zan yi mata kwalliyar da ba tata ba. Amma ka san shari'ar da ta so a ce ita ce ta fara isa kotun ƙoli a kan wannan batun? Ta Kyaftin Susan Struck ce, ma'aikaciyar jinya a rundunar sojin sama, ta samu ciki tana aiki a Biyetnam a 1970, ƙa'idar soja a lokacin ta ce ko ta zubar ko a sallame ta. Ita kuma 'yar ɗariƙar Katolika ce ta ce ba za ta zubar ba kuma ba za ta bar aikinta ba. Ginsburg ta tsaya mata. Wato gwamnati ce ke matsa wa mace ta zubar, ita kuma tana kare 'yancin matar ta haihu. Kotun ƙoli ta amince za ta saurara, sai sojan suka canza ƙa'idar a 1972 shari'ar ta mutu a nan.

Sannan hukuncin Roe na 1973, wanda ya halatta zubar da ciki a duk faɗin Amurka, da Baban Ilham ke nufi ba gininta ba ne sam, ba ta cikin lauyoyin shari'ar, kuma a wata lacca da ta yi a jami'ar Niyu Yok a 1993 ta soki yadda aka yanke shi, ta ce kotun ta yi tsalle mai nisa lokaci guda kuma an ɗora shi a kan tubalin da bai da ƙarfi, da an ɗora a kan daidaito da ya fi. Har wasu ƙungiyoyin mata suka yi ɗari-ɗari da ita lokacin da Shugaba Clinton zai naɗa ta saboda wannan maganar.

Baban Ilham: Anti na ji, kuma na janye rabin maganata, ban san labarin Struck ba. Amma rabin da ya rage ina nan a kansa daram, ki bari mu yi lissafi. A hukuncin Dobbs na 24 ga Yuni 2022 alƙalai 5 ne suka ce a soke Roe gaba ɗaya, Alito, Thomas, Gorsuch, Kavanaugh da Barrett. Shugaban kotun Roberts ya yarda da dokar jihar Misisipi da ta hana zubar da ciki bayan mako 15 amma bai yarda a soke Roe ba. Ki cire Barrett ki sa wanda Obama zai naɗa a 2014, sun koma 4. Kujera ɗaya ce ta juya komai kuma kujerarta ce. Ni ba wai ina kukan Roe ba ne, ra'ayina ya fi kusa da na Malam, amma ina auna ta ne da ma'aunin da ita ta ɗauka wa kanta. Kuma ba maganar ciki kaɗai ba, kotu ce ta masu ra'ayin riƙau 6 da masu sassauci 3 yanzu, alƙalan nan ba su da wa'adi sai mutuwa ko murabus, Barrett tana da shekara 48 aka naɗa ta. Duk wata shari'ar ma'aikata ko ta zaɓe da za ta zo nan da shekara 20 ko 30 wannan lissafin zai bi ta. Lauyar da ta fi kowa iya haƙuri da tsara shari'a ɗaya bayan ɗaya, ta kasa tsara fitarta. Wannan ne ke min ciwo wallahi, don na ga basirarta a fim ɗin.

'Yar Gidan Malam: Amma ita ma ta ba da amsa ai a 2014, ta ce wa kuke ganin Obama zai iya shigarwa ta majalisar nan da ya kai ta? Lokacin ana buƙatar ƙuri'a 60 kafin a tsallake masu toshe naɗin alƙalin kotun ƙoli, 'yan Dimokurat 55 suke da su. Kuma kowa ya ga abin da aka yi wa Merrick Garland a 2016, mai shari'a Scalia ya rasu a Fabrairu, Obama ya kawo sunan Garland a Maris don ya gaje shi, McConnell shugaban masu rinjaye na majalisar dattawa a lokacin ya ƙi ko a saurare shi wai shekarar zaɓe ce, sannan a 2020 ana saura kwana 8 zaɓe suka tabbatar da Barrett. Me yasa za a bar waɗanda suka canza ƙa'ida da rana tsaka a kama tsohuwar da ta mutu?

Baban Ilham: 'Yar uwa Garland ai bayan sun rasa majalisa ne a zaɓen Nuwamba 2014, shi ya sa ake cewa ta sauka kafin nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Alƙalan da Obama ya kawo, Sotomayor ta wuce a 2009, Kagan ta wuce a 2010. Ko da wanda zai gaje ta bai kai ta zafi ba, ai ƙuri'arsa ɗaya tata ɗaya. Mai shari'a Breyer ya ga abin da ya faru ya sauka a 2022 aka naɗa Ketanji Brown Jackson. Mai shari'a Kennedy ya sauka a 2018 lokacin da ya san wa zai naɗa magajinsa.

Maman 'Yan Biyu: To ni bari in faɗi abin da ba wanda ya faɗa. Kun lura mace ta farko a kotun, Sandra Day O'Connor, ta sauka a farkon 2006 don ta yi jinyar mijinta da ciwon mantuwa ya kama? Wa aka sa a kujerarta? Alito. Shi ya rubuta hukuncin Ledbetter da ya kori ƙarar wata mata kan bambancin albashi, shi ya rubuta Dobbs. Wato wadda ta sauka an ce ta yi gaggawa, wadda ta zauna an ce ta yi taurin kai. Daga 2006 zuwa 2009 Ginsburg ita kaɗai ce mace cikin 9, ta ga da idonta abin da saukar 'yar uwarta ya jawo. Sannan ku tuna wace ce ita. Mace 9 ne a ajinsu na lauya a jami'ar Habad a 1956 cikin maza wajen 500, shugaban tsangayar ya tara su cin abinci yana tambayar kowacce hujjarta na tare gurbin da namiji zai zauna. Tana da goyo, mijinta Marty ya kamu da kansa, ita ke tattara masa darasin ajinsa tana buga masa a tafireta cikin dare sannan ta buɗe nata littafin. Ta koma jami'ar Kolombiya ta gama a 1959 ta yi kunnen doki a na ɗaya, amma duk kamfanonin lauyoyin Niyu Yok ba wanda ya ɗauke ta, mai shari'a Frankfurter ma ya ƙi ɗaukarta aiki a 1960 don mace ce. Da ta samu koyarwa a jami'ar Rutgers a 1963 aka gaya mata za a biya ta ƙasa da maza tunda mijinta na da aiki mai kyau, da ta samu ciki na biyu sai da ta ɓoye shi cikin manyan kayan surukarta don kar a ƙi sabunta mata kwantiragi. Matar da duk rayuwarta ana ce mata matsa ki ba wani wuri, kuma duk lokacin da ta ƙi matsawa ita ce da gaskiya, ranar da aka zo mata da maganar a karo na ƙarshe ta ina za ta gane wannan karon daban ne? Ban ce ta yi daidai ba. Na ce na fahimce ta.

Ɗan Auta: Mama wallahi wannan maganar ta shige ni.

Baban Ilham: Ta shige ni ni ma Hajiya, amma fahimta daban, wanke laifi daban.

Maman 'Yan Biyu: Ai ban wanke ta ba.

Kawu Mai Tarihi: Na daɗe ina karanta ku. Ni inda na fi ganin gazawar fim ɗin ba maganar murabus ba ce, yadda ya sa mai kallo ya ji kamar mutum ɗaya ce ta ɗauki jinka. Akwai Pauli Murray, lauya baƙar fata, wadda tun 1965 ta rubuta cewa a yi amfani da gyara na 14 a yaƙi wariyar mata yadda aka yaƙi wariyar launin fata. Akwai Dorothy Kenyon da ta shekara da shekaru tana wannan faɗan. Don a yi wa Ginsburg adalci, ita da kanta ta sa sunayen su biyun a takardar shari'ar Reed alhali ba su suka rubuta ba, don ta nuna a kafaɗarsu ta taka. Sannan da yawan abin da ya canza rayuwar matan Amurka majalisa ce ta yi ba kotu ba, dokar daidaita albashi ta 1963, dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta hana wariya wajen ɗaukar aiki, dokar 1972 da ta hana wariyar jinsi a makarantu, dokar 1974 da ta hana banki ƙin ba mace bashi don mace ce ko don ba ta da aure, dokar 1978 ta masu ciki. Waɗannan taron mata ne da suka yi ta zanga-zanga da matsa wa 'yan majalisa. Kuma akwai tabon da masu yabo ba sa son a ambata, shekara 13 da ta yi a kotun ɗaukaka ƙara daga 1980 ba ta ɗauki baƙar fata ko ɗaya cikin matasan lauyoyin da ke taya ta aiki ba, an tambaye ta a majalisa a 1993, a shekara 27 na kotun ƙoli kuma guda ɗaya ta ɗauka. A 2016 ta kushe durƙuson da ɗan wasa Kaepernick yake yi don nuna ɓacin rai da kisan baƙaƙe, daga baya ta ce ta yi kuskure. Mai son ta da gaske ya kamata ya iya jin wannan.

Anti Barista: Kawu ban da ja ko kaɗan, maganar ma'aikatan nan ta daɗe tana damuna. Abu ɗaya zan ƙara, majalisa da kotu ba kishiyoyi ba ne a labarinta, ta san lokacin da za ta juya ta yi wa majalisa magana. Lilly Ledbetter ta yi kusan shekara 20 tana shugabar sashe a masana'antar taya ta Goodyear a Alabama, dab da ritaya wani ya jefa mata 'yar takarda ba suna, an rubuta albashinta da na abokan aikinta maza. Tana karɓar dala 3,727 a wata, namijin da ya fi kowa ƙarancin albashi a matakinta yana karɓar 4,286. Ta kai ƙara, a 2007 kotun ƙoli da 5 da 4 ta ce ta makara, wai cikin kwana 180 da yanke albashin ya kamata ta koka. Ta ina za ta koka a kan abin da aka ɓoye mata? Ginsburg ta karanta rashin amincewarta da bakinta a zauren kotu, abin da ba kasafai ake yi ba, ta ce yanzu magana ta koma hannun majalisa. A Janairu 2009 dokar da ta gyara wannan ita ce ta farko da Obama ya sa wa hannu, da sunan Ledbetter. Ta faɗi a kotu ta ci a majalisa cikin ƙasa da shekara 2.

Haka makarantar soja ta jihar Bajiniya da ke ɗaukar maza zalla tun 1839, ita ta rubuta hukuncin 1996, 7 da 1, aka buɗe wa mata ƙofa a 1997. Wanda ya ƙi yarda shi kaɗai Scalia ne, amininta da suke zuwa kallon waƙoƙin opera tare har suka hau giwa ɗaya a Indiya, ya kawo mata daftarin sukarsa tun kafin ya fitar don ta samu lokacin amsawa, ta ce ya ɓata mata hutun ƙarshen mako amma ya sa hukuncinta ya fi ƙarfi. Baban Ilham, matan da ke fareti a makarantar nan yau ba wanda ya kore su a 2022.

Baban Ilham: Ba a kore su ba, na yarda. To bari in gyara da'awata a gaban kowa. Ba ta rusa gininta ba, amma ta bar shi ba mai gadi, kuma tana da damar sa mai gadi ta ƙi. A kan wannan ba zan motsa ba. Kuma fim ɗin da ya tsaya ya matsa mata da wannan tambayar da ya fi girmama ta, don ba mace ce da tambaya ke ba ta tsoro ba.

Malam Na Ƙofa: Ni dai ina kan matsayina game da ciki. Amma labarin mai jaririn nan da na sojar da aka ce ta zubar, ban san su ba sai yau, kuma zalunci ne ƙarara aka yi musu, duk wanda ya tsaya musu ya kyauta.

Abban Marainiya: Ku yi haƙuri ban cika magana a nan ba. Ni ba lauya ba ne kuma lissafin kujerun nan ya fi ƙarfina. Matata ta rasu kwana biyu bayan ta haihu, shekara 6 kenan, Allah ya jiƙanta. Da na je wurin aikina neman a ɗan sassauta min lokaci in riƙa komawa gida da wuri, wanda ke sama da ni ya dube ni ya ce hutun jego na mata ne, in nemi wata mace a dangi in miƙa mata yarinyar. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi a ganinsa shawara ce mai kyau yake ba ni. Na fito na zauna cikin mota na kasa tayar da ita. Dare nawa na yi ina auna madara a kwalba ƙarfe uku, ina ɗiga ta a bayan hannuna in ji ko ta yi zafi, yarinya na kuka ni ma ina yi. Da na zo wurin da dattijon nan Wiesenfeld yake ba da labarinsa a fim ɗin sai da na tsayar na tashi na leƙa ɗakin 'yata tana barci. Ni duk tsawon lokacin nan na ɗauka maganar daidaiton nan ta mata ce su kaɗai, ban taɓa sanin akwai wadda ta tsaya gaban kotu ta ce uba ma yana da haƙƙin ya raini ɗansa ba.

Maman 'Yan Biyu: Allahu akbar. Allah ya jiƙanta ya sa ta huta, ya raya maka yarinyar ya yi mata albarka.

Baban Ilham: Amin ya Allah. Allah ya saka maka ɗan uwa, ka yi abin da da yawanmu ba za mu iya ba.

Abban Marainiya: Amin na gode. Anti Barista dan Allah shi yaron ya rayu? Me ya zama?

Anti Barista: Ya rayu Abban Marainiya, uban ne ya raine shi. Ba su rabu da Ginsburg ba, suna rubuta wa juna wasiƙa shekara da shekaru. Jason ya girma ya karanta lauya a Kolombiya, makarantar da ta gama kuma ta koyar. A can alƙali na iya ɗaura aure, to ita ta ɗaura auren Jason. Shi kuma uban sai a 2014 ya sake aure, shekara 42 bayan rasuwar Paula, a cikin ginin kotun ƙolin aka yi, ita ta ɗaura.